Barbushe na Dutsen Dala: Mutumin da Iya take tsorata mu da sunansa

Sunan Barbushe a bakin kakata na fara jin sa, a hillarmu da ke gaɓar Nil Azrak kudu da Sinnar, tun ban isa shiga makarantar allo ba. Iyayenta Kanawa ne. Sun baro gida a ƙasa da niyyar hajji, suka tsaya tsinkar auduga a Jazira don su tara guzuri, daga nan zama ya kama su, kamar dai yadda ya kama iyayen da yawa daga cikinmu. Ita kanta Iya, haka muke kiranta, ba ta taɓa sa ƙafa a Kano ba har ta koma ga Allah. Amma duk daren da yaro ya ƙi shiga ɗaki bayan isha'i, sai ta rage murya ta ce mana Barbushe na nan tafe ta bakin kogi, ƙato mai tsawon giginya, ɗauke da giwa a ka kamar damin itace. Wallahi ko tarin yaro ba ka ƙara ji.

Na girma ina ɗaukar sa dodo ne irin na tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Sai da na zama saurayi, wani ɗalibi ɗan Najeriya da ya zo karatu Wad Madani ya ara mini tsohon littafin nan na boko, Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Na buɗe wajen tarihin sarakunan Kano, sai ga sunan dodon Iya tun a farko, kafin sunan kowane sarki. Ashe tsohuwar nan da ba ta san bihim ba a boko ta riƙe wani ɓangare na labari mafi tsufa da Kano take da shi, ta tsallako da shi Borno da Wadai da Darfur a bakin iyayenta, har ya iso kunnenmu. To yau labarin mutumin nan nake so in ba ku, da abin da na fahimta a kansa bayan shekaru.

Daga ina labarin ya fito?

Kusan duk abin da ake faɗa game da Barbushe daga littafi ɗaya ya samo tushe, wato Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci. Littafin ya jero sarakuna 48, tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello da ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 19. Wani Bature jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya fassara shi da Turanci a 1908, sannan aka buga shi da Hausa a Zariya a 1933. Masana sun yi saɓani a kan yadda aka haɗa shi. Wasu na ganin an zauna ne aka tsara shi gaba ɗaya a fadar Kano wajen shekarun 1880, wasu kuma na ganin akwai tsoffin takardu da waƙoƙin maroƙa da aka riƙa tarawa tun kafin nan.

Ko ma wanne ne, abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko, lissafin Palmer ya sa farkon sarautar Bagauda a shekara ta 999, kuma Barbushe ya riga shi. Ke nan tsakanin mutumin da littafin da ya iso hannunmu akwai shekara wajen ɗari tara. Na biyu, hannun da ya rubuta hannun malami Musulmi ne, na kusa da fada, magajin waɗanda suka karɓe mulki daga mutanen Barbushe. Su mutanen Dala ba su bar mana ko layi ɗaya da hannunsu ba.

Ƙasa kuwa ta ba da tata shaidar. Masu tonon kayan tarihi sun samu burbushin narka tama a Dala, wanda aka auna shekarunsa ya kai wajen ƙarni na 7. Wato akwai maƙera da mafarauta zaune a gindin dutsen nan shekara ɗari uku kafin lokacin da aka ba Bagauda. Saboda haka mutanen da littafin yake magana a kansu ba ƙagaggu ba ne, ko da an yi wa labarinsu ado.

Asalinsa

Littafin ya fara ne da Dala, mutumin da aka sa wa dutsen sunansa. Baƙo ne, ya zo ƙasar ya gina gida a kan dutsen, ya zauna shi da matansa. Ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu mata uku, babbansu Garageje. Shi Garageje shi ne kakan Buzame, Buzame kuma ya haifi Barbushe. In ka lissafa, Barbushe ne na biyar a jerin tun daga Dala.

An siffanta shi baƙi, dogo, ƙaƙƙarfa, maharbi. A nan ne maganar giwar Iya ta fito, don littafin ya ce yakan kashe giwa da sandarsa ya ɗauko ta a ka ya yi tafiyar da Palmer ya ƙiyasta mil tara da ita. Ba sai na ce muku babu ɗan Adam da zai iya haka ba. Irin kirarin mafarauta ne, wanda har gobe in ka je wurin 'yan tauri za ka ji makamancinsa. Abin da yake nuna mana shi ne daji ne a lokacin, akwai giwaye inda yanzu motoci ke cunkoso, kuma girman namiji a farauta ake auna shi.

Sai dai ba ƙarfin dantse ne ya ba shi shugabanci ba. Ya gaji sanin da gidan Dala yake riƙe da shi, na al'adun tsafi da asirai, da wannan ne ya rinjayi 'yan'uwansa ya zama babba a kansu. Littafin ya ambaci manyan da ke ƙarƙashinsa, irin su Gunzago mai gida a gindin Gwauron Dutse, da Gagiwa da aka ce yana kama giwa da igiya. Ya kuma ambaci shugabannin sana'o'i a cikin mutanen nan na farko: akwai maƙeri, akwai mai dafa giya, akwai mai magani, akwai mai gadin gari da dare, akwai mai haƙar tama yana narkawa, akwai sarkin makaɗa, akwai maharbin baka, akwai mai gishiri. Wannan wurin ya fi burge ni a kan maganar giwa. Jama'a ce mai tsari, kowane gida da aikinsa, kowane aiki da babbansa. Tsarin da muka taso muka tarar a unguwanninmu na nan Sudan, mai sarkin fawa da sarkin aski da sarkin makaɗa, tsohon abu ne ƙwarai.

Daren da yake saukowa

Abin bautarsu shi ne Tsumburbura. Mazauninsa wata bishiya ce da littafin ya kira Shamuz, an kewaye ta da katanga, ba mai shiga ciki sai Barbushe shi kaɗai. Sun yi imani duk wanda ya shiga ba shi ba, mutuwa zai yi. Akwai kuma kurmi mai baƙin ruwa da suke girmamawa, shi ne Jakara.

Barbushe a kan dutse yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. In lokaci ya matso, mutane maza da mata sukan taho daga gabas da yamma, kudu da arewa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru. Sukan taru a gindin Dala da yamma. In duhu ya yi sai ya fito daga gidansa da makaɗa, ya ɗaga murya. Su amsa masa. Daga nan ya ja su zuwa wurin bishiyar, kowa ya yanka abin da ya kawo, shi kuma ya shiga cikin katangar shi kaɗai, ya tuna musu cewa shi ne magajin Dala, kuma dole su bi shi ko suna so ko ba sa so, su amsa masa sun bi. Jama'a su kwana suna kewaya wurin har gari ya waye. In ya fito sai ya gaya musu abin da zai faru a shekara mai zuwa, na alheri da na sharri.

Ku lura da wani abu. Marubucin ya kira kwanakin nan biyu ranakun Idi, ya kira daren taron jajibere. Ina Idi a wurin mutanen da Musulunci bai iso musu ba? Har ma cikin manyan Barbushe an sa wani mai suna Ibrahim. Malamin da ya rubuta ya auna shekarar mutanen Dala ne da ma'aunin tasa shekarar, ta ƙaramar salla da babbar salla. Duk mai karanta Barbushe ta tabaran wannan malamin yake kallonsa.

Maganar baƙon da zai zo

Abin da ya fi fice a rayuwarsa shi ne maganar da ya yi wa mutanensa a ɗaya daga cikin waɗannan darare. Ya gaya musu wani mutum zai zo ƙasar da runduna ya mallake su. Ya ce za a kayar da bishiyarsu a ƙone ta, a gina masallaci. Ya ce in baƙon bai zo a zamaninsu ba, to zai zo a zamanin 'ya'yansu, zai ci ƙasar duka, ya manta da su da zuriyarsu, ya ɗaukaka kansa da mutanensa shekaru masu yawa. Hankalinsu ya tashi, suka tambaye shi abin da za su yi su kauce wa wannan masifa. Ya ce musu ba ta da magani sai haƙuri.

Mu Musulmi mun san babu mai sanin gaibu sai Allah. Kuma ba wuya a gane yadda aka yi wannan duba ya faɗa daidai: wanda ya rubuta shi yana zaune ne a birnin da masallacin ya riga ya tsaya, bishiyar ta daɗe da faɗuwa. Sanya maganar a bakin babban bokan ƙasar wata hanya ce ta cewa ko su ma masu ƙasar sun san sarautar nan ƙaddara ce. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne marubucin bai mai da Barbushe abin dariya ba. Ya bar shi da kwarjininsa, ya bar mutanensa da baƙin cikinsu, har mai karatu yakan ji tausayinsu.

Iya takan ce Bagauda ne ya kashe shi a bakin dutse bayan sun kwana bakwai suna kokawa. Littafin bai faɗi haka ba. Da Bagauda ya iso, shugabannin da ya tarar ya yaƙa wasu ne dabam, cikinsu har da Jankare wanda ya kashe. Daga nan ya kafa gari a Sheme ya zauna. Sunan Barbushe ba ya cikin waɗanda suka kara da shi. Labarinsa ya tsaya ne a kan wannan nasiha ta haƙuri, daga ita sai aka shiga lissafin sarakuna.

Bishiyar ta daɗe ba ta faɗi ba

Wani zai zaci da zuwan Bagauda komai ya ƙare. Ina! Sai da aka shafe shekara wajen ɗari biyar ana ja-in-ja tsakanin gidan sarauta da magadan Barbushe. Jikan Bagauda, Gijimasu, shi ya fara ginin ganuwar Kano a farkon ƙarni na 12, amma katangar Tsumburbura tana nan, sirrinta yana hannun masu ita. Sai a zamanin Sarki Tsamiya, a farkon ƙarni na 14, aka fasa katangar da ƙarfin yaƙi, sannan sarkin ya jawo wasu manyansu a jika da sarauta.

A zamanin Sarki Yaji, wanda aka sa mulkinsa daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite da addinin Musulunci. Aka naɗa liman da ladan, aka gina masallaci a gindin bishiyar. Masu tsafi suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi, har littafin ya ce malamai suka yi addu'a masu wannan aiki suka makance. Duk da haka, da Zazzau ta gagari Sarki Kanajeji, wurin Sarkin Cibiri ya koma neman shawara, aka ce masa ya raya abin da kakanninsa suka bari, ya kuwa yi. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya zo Kano, aka sare bishiyar aka gina hasumiya a wurinta. Shi Rumfa ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, wadda sunanta yake tuna mana da kurmin da ke wajen a da.

Ko bayan nan ɗabi'ar ba ta mutu ba, riga ta sake. Aka sami Dirki, wani abu da ake naɗewa da fatu ana yi masa yanka a fada. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya sa aka fasa shi da gatari, sai ga Alƙur'ani a ciki. Ba a jima ba jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka kore shi daga Kano. Daular da suka kafa ita Turawa suka rusa a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka sauka a gaɓar wannan kogi namu. Kun ga ke nan igiyar da ta taso daga gindin Dala ba ta tsinke ba har ƙofar gidajenmu.

Shekarun baya Allah ya nufe ni da zuwa Kano, na hau Dala da ƙafata. Dutsen bai kai girman da na ƙiyasta ina yaro ba, Jabal Moya tamu ta fi shi nesa ba kusa ba. Gidaje sun matse shi ta ko'ina, Jakara kuwa ta zama magudanar ruwan ƙazantar birni. Ina tsaye a sama aka kira sallar la'asar, masallatai suka ɗauka ta kowace kusurwa. Yaran da suka raka ni kowa da irin labarinsa: wani ya ce Tsumburbura aljana ce mace, wani ya nuna mini rami ya ce nan ne ɗakin Barbushe.

Turawa ma suna da nasu Barbushen

Abin da ya taimake ni na daidaita tunanina shi ne karanta labarin Duruwidawa, malaman tsafin Keltawa, mutanen da suka zauna a inda yanzu ake kira Faransa da Birtaniya da Ayalan kafin Rumawa su ci yawancin ƙasashen. Kamannin har ya ba ni mamaki.

Su ma ba su rubuta iliminsu ba. Abin da aka sani a kansu daga alƙalamin waɗanda suka ci su da yaƙi ya fito. Yuliyus Kaisar, wanda ya yaƙi ƙasar Gol tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa su ne alƙalai, su ne masu yanka, ba sa zuwa yaƙi ba sa biyan haraji, almajirinsu yakan kai shekara 20 yana hadda da ka, kuma sukan taru sau ɗaya a shekara a wani wuri mai tsarki a wurinsu. Filini ya ce suna girmama wani babban itace da ake kira ok, da kaucin da ke fitowa a kansa, sukan sa fararen kaya su yanko kaucin da laujen zinariya, su yanka fararen bijimai biyu. Wanda ya san yadda bokayenmu suke ji da kauci zai yi murmushi a nan. Tasitus kuma ya ba da labarin yadda sojan Rum suka tsallaka tsibirin Mona, wanda yanzu ake kira Angilsi a ƙasar Wels, wajen shekara ta 60 miladiyya, suka karkashe su suka sassare kurmominsu. Cikin dukan Duruwidawan wancan zamani, wanda aka tabbatar da sunansa da rayuwarsa shi ne Dibisiyakus na ƙabilar Ayduwi, wanda ya je Rum har ya sadu da Sisaro.

To da yake abin da aka sani kaɗan ne, sai kowane zamani ya cike giɓin da abin da ransa ke so. A 1740 wani Bature William Stukeley ya buga littafi yana danganta manyan duwatsun Sitonhenj da Duruwidawa, alhali bincike ya nuna an kafa su fiye da shekara dubu biyu kafin a ji ɗuriyar Duruwidawan. A 1792 wani ɗan Wels, Edward Williams, wanda aka fi sani da Iolo Morganwg, ya shirya wani biki a Landan ya ce gadon Duruwidawa ne, daga baya aka gano shi ya ƙirƙiri yawancin takardun da ya dogara da su. Har yau ana yin bikin a Wels da dogayen riguna. A littattafan zanen yara na Asterix da aka fara a Faransa a 1959, Duruwidi tsoho ne mai farin gemu yana dafa maganin ƙarfi a tukunya. Rumawa sun zana su a matsayin masu yanka mutane, jikokinsu sun mai da su waliyyan daji. Kowane ɓangare da buƙatarsa ya zana.

Mu kuma a nan fa?

Mu ma muna da namu cike giɓin. A Sinnar da Madani duk mun san gidajen zar, mun san ana cewa zar bori da zar tumbura. Kwanaki wani yaro ya turo mini saƙon murya a WhatsApp, mai maganar yana rantsuwa cewa tumbura ita ce Tsumburbura, wai Hausawa ne suka kawo ta tun zamanin Barbushe. Kamannin suna ba hujja ba ne. Ita tumbura da garayar da ake kaɗa mata ake danganta sunanta, wadda ake ce wa tambura. In za mu riƙa ɗinka tarihi da kamannin suna, ba mu da bambanci da Stukeley da duwatsunsa.

Akwai kuma masu kishiyar wannan, waɗanda ko sunan ba sa so a ambata. Na fahimce su. Mun taso a ƙasar da in aka ce fakin Fallata, abin da ke zuwa zuciyar wasu shi ne laya da asiri, duk da cewa kakanninmu da allo da gora suka shigo, su ne suka cika halwowin ƙasar nan da karatu. Mutum yana gudun a ce ga shi nan, dama asalinsu matsafa ne. Amma wace al'umma ce asalinta ba haka ba? Larabawa sun adana sunayen Lata da Uzza da Manata, Ibnul Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan gumakansu, ba wanda ya ce ya fita daga addini. Maƙwabtanmu a nan suna alfahari da dalar Bajrawiya da Sarki Taharka da Soba ta Kiristoci, suna koya wa yara a makaranta, suna kuma salla sahu ɗaya da mu. Shirka shirka ce, Allah ya tsare mu da ita, kuma mun gode masa da ya shiryar da kakanninmu. Sanin inda aka fito kuwa yana ƙara wa mutum sanin girman ni'imar shiriya ne.

Akwai wani abu da ban gani a labarin ba sai bayan abin da ya faru a watan Yulin 2022, lokacin da rikici ya ɓarke a Rusairis da Damazin bayan maganar ba Hausawa imara, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka. Kalmar da ta fi yawo a lokacin ita ce baƙi. Mutanen da aka haifi kakanninsu a nan, waɗanda guminsu ke cikin kowace hawasha tun buɗe madatsar Sinnar a 1925, aka ce musu baƙi. Da na koma na karanta Barbushe a waɗannan kwanaki, sai na ga abu biyu.

Na farko, shi Dala da dutsen yake ɗauke da sunansa baƙo ne. Bagauda baƙo ne, Wangarawa baƙi ne, Magili baƙo ne. Kano ta zama Kano ne saboda kowane baƙo da ya zauna ya zama ɗan gari. Na biyu kuwa ya fi nauyi a faɗa. Tsoron da ya kama mutanen Dala, na cewa wani zai zo ya mallaki ƙasa ya manta da su da 'ya'yansu, shi ne tsoron da 'yan siyasa suka hura a zukatan wasu maƙwabtanmu. Ba mu zo da runduna irin ta Bagauda ba, kuma ba abin da zai halatta jinin da aka zubar. Amma wanda littafin tarihinsa ya buɗe da kukan masu ƙasa bai kamata ya kasa gane wannan tsoro ba in ya gan shi a idon maƙwabcinsa. In za a zauna sulhu na gaskiya, sai kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tsoro.

Yanzu ga yaƙin da ya taso tun Afrilun 2023 ya watsa mu. Madani ta faɗi a ƙarshen shekarar, Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, mutanen hilloli da yawa suka bazama Gadarif da Kasala da inda Allah ya nufa. Tsofaffi nawa muka binne a hanya, kowannensu da abin da ya riƙe a ka? Mutanen Dala ba su rubuta ba, shi ya sa yau sai abin da wani ya faɗa a kansu muke da shi. Mu muna da alƙalami, muna da waya a aljihu. Duk wanda Allah ya bar masa kaka ko tsohon maƙwabci, ya zauna da shi ya tambaye shi garin da iyayensa suka baro, da hanyar da suka bi, da shekarar da suka sauka, da wanda ya ba su wurin zama. Ya ɗauki muryar, ya rubuta yadda aka faɗa, kada ya ƙara gishiri kada ya rage.

Ni dai na yi sakaci da Iya. Giwar Barbushe kawai na riƙe daga bakinta, ban taɓa tambayar ta sunan unguwar iyayenta a Kano ba. Allah ya jiƙanta da rahama, ya jiƙan dukan magabatanmu Musulmi, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya zaunar da Sudan lafiya. Amin.